Baƙon da Ya Sauka Gidanmu a Mawashi

Ban taɓa iya zama wuri ɗaya ba, ko a gaban tatsuniya. A gidanmu na Mawashi, in an ci tuwo, kakarmu Inna Kulu takan tura karan dawa a murhu, ta binne gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ne mai tsokanar wuta, ni ne mai katse mata magana. Takan harare ni ta ce, "Mai gidana, in ba ka natsu ba, yau sai na yi yaji."

Akwai wata tatsuniya da ta ba mu wadda har yau take hana ni sukuni. Ta ce wani baƙo ne mai suna Mantau ya shigo wani gari, ba jaka ba sanda, ya sauka gidan wata tsohuwa. Ya fara da ɗauke mata sunayen awakinta. Da ya ga ba a tanka ba, ya ɗauke hanyar rijiya, ya ɗauke sunayen 'ya'yanta. Don kunya sai suka kulle ta a ɗaki. Mantau ya tsallaka gidan gaba, nan ma aka ɓoye.

Ɗaya daga cikin 'ya'yan tsohuwar ta kasa daurewa, ta je fada ta ce, "Ranka ya daɗe, a tara masu magani su binciki baƙon nan tun bai gama gari ba." Sarki ya ce tsufa ne, shi ganuwa yake ginawa. Ran da aka gama ganuwa, Mantau ya kwana fada. Sarki ya tashi yana tambayar dogarai gidan wane ne wannan.

Na ce, "Inna, sai aka yi yaya?"

Ta ce, "Yo wa ya sani? Mai ba da umarnin ya mance, masu maganin ba a tara su ba. Tashi ka ba ni wuri."

Ina aiki a Kankia aka aiko mini Inna Kulu ta ɓata. A hanyar garin Ƙofa aka tsince ta da ƙwaryar fura a ka, wai za ta kai wa kakanmu gona, shi kuwa ya daɗe da rasuwa. Maƙwabta suka ce ruɗewar tsufa ce, wasu suka ce iska. Likitan da muka kai ta wajensa ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho yake kamawa ba, amma ba shi da abin da zai dawo mata da abin da ya tafi, masana ciwon kuma suna nesa. A bakin asibitin ta dube ni da ladabi ta ce, "Malam, kai ɗan gidan wa ne?" Ba wasan jika ba ne. Haka ta rasu ba ta gane ni ba.

Da na ji a rediyo wasu ƙasashe sun zauna sun tsara yadda za su binciki ciwon, su nemi rigakafi, su horar da ma'aikatan jinya, su tallafa wa masu jinyar tsofaffi a gida, sai na kasa zama, na yi ta zagaya tsakar gida. Da ina yaro na ɗauka wautar sarki ake ba mu don dariya. Yanzu na ga jinkirin ne abin tsoro, kuma namu ne duka, mu masu rufa asiri da masu iko.

Bana mahaifiyata ta fara zuba gishiri a miya ta sake zubawa. Ban tsaya jin ta bakin kowa ba, na ce ta shirya mu je Katsina ganin likita. Ta yafa gyale, ta sa takalmi, muka fito har zaure. Nan ta tsaya ta riƙe hannuna.

"Ɗan nan, ina ma ka ce za mu?"