Shekarar da Cinya ta Zaunar da Inna Asabe

Inna Asabe maƙwabciyata ce a ƙauyenmu na Hausawa, kudu da Abu Na'ama, tsakanin gonakin dawa da bakin kogi. Ni malamar firamare ce, sunana Najwa, kuma tun ina yarinya na san ta da sana'a ɗaya. Shekara talatin da ɗoriya ta yi a gaban doka, faifan ƙarfen da ake ɗorawa a wuta, tana shafa ƙullun kisra, wainar nan ta dawa, da tsinken kaba, tana ɗaye shi sirit kamar takarda. Masu gidan abinci biyu a kasuwar Abu Na'ama ba sa karɓar kisrar kowa sai tata. Idan ta gama da hantsi, matan unguwa sukan taru a rumfarta a soya gahawa, a daka, a dafa abin da muke kira jabana, a sha har azahar ta kawo kai.

Mijinta, Alhaji Tahir, mai kula da injin ban ruwa ne a lambun ayaba, ya daɗe da rasuwa. 'Ya'ya biyu suka rayu mata. Mujahid yana aikin walda a Khartum, Widad kuma tana aure a Gadarif. Ita kaɗai take kwana a gida mai ɗaki uku, amma a lokacin ba wanda zai ce tana cikin kaɗaici, don ƙofarta ba ta rufuwa.

Tana da shekara hamsin da biyar aka ce mata tana da ciwon sukari. Ta karɓi ƙwayoyi, takan sha idan ta tuna. Ta daina zuba sukari a jabana, amma dabino bai taɓa yankewa a gefen dokarta ba. Haka aka tafi shekara shida.

Bayan yankan riɗi na shekarar 2021 ciwon ya fara. Wata safiya ta yunƙura za ta tashi daga 'yar kujerarta ta saƙa, sai ta ji zafi ya tsarga mata daga kwatangwalon dama, ya bi gaban cinya har gwiwa. Ta ce mini kamar an tura garwashi cikin ƙashi. Cikin mako biyu ko zane ya goge wurin sai ta yi ƙara.

Kowa da abin da ya faɗa. Hauwa, matar mai shago, ta ce sanyin ƙashi ne na zama kusa da randa. Wata ta ce jijiyar baya ce, irin wadda ta kama mijinta. Wata kuma ta rage murya ta ce ƙila Inna ta taka wani abu da aka binne mata, don mai sana'a ba ya rasa mahassada. Aka shafa man riɗi da tafarnuwa. Aka turbuɗe ƙafar cikin yashi mai ɗumi. Daga ƙarshe aka ɗora ta a amalanken jaki zuwa wurin wani mai ɗori a ƙauyen gaba, ya gasa ƙusa ya ɗana mata wuri uku a kwatangwalo. Ciwon bai motsa ba, ƙunar kuma ta ƙi warkewa sai da ta cinye wata biyu tana ruwa.

Ran nan tana ɗauke da ƙwaryar ƙullu gwiwarta ta lanƙwashe ba shiri. Ta faɗi a tsakar gida, ƙullun ya malale, ta kasa tashi har sai da Hauwa ta leƙo aron rariya ta same ta. Daga ranar ba ta sake hura wutar doka ba. Masu gidan abincin suka aiko da gaisuwa, bayan kwana goma suka sami wata mai yi musu.

Makon farko gidan cike yake da 'yan dubiya. Na biyu ma haka. Widad ta zo ta yi kwana uku ta koma, don tana da goyo da surukar da ba ta gani. To amma ciwon da ba ya kashewa kuma ba ya warkewa yana gajiyar da mutane. Aka koma leƙowa daga ƙofa ana cewa, "Ya jiki, Inna?" Zaman jabana ya koma rumfar Hauwa, gida uku tsakani. Da hantsi Inna takan ji ƙarar turmin gahawa da dariyar matan, tana kwance a gadon igiya tana kallon rufi. Ba zan cire kaina ba. Nakan aika mata da abinci, amma sai in yi kwana biyar ban shiga ba, ina cewa jarrabawar yara ta sha mini kai. Gaskiyar kuwa, ban san abin da zan ce mata ba.

Ta rame ƙwarai. Cinyar dama ta tsotse har ana ganin bambancinta da ta hagu ta cikin zane. Mujahid yakan kira ranar Juma'a bayan masallaci, ita kuma ta gyara murya ta ce da sauƙi. Ni ce na karɓi wayar wata Juma'a na gaya masa abin da idona ya gani. Sai ya roƙe ni in kai ta birnin Madani idan an yi hutun makaranta, ya ce ya ji labarin wani likitan masu sukari a can.

Mun bi motar haya ta Sinja da Sinnar, Inna ta kwanta a kujera biyu, kanta a cinyata. Likitan, Ahmad, matashi ne dogo. Ya fara da Larabci, da ya ji mun yi magana a tsakaninmu sai ya yi murmushi ya ce, "Sannu, Inna. Kakata ma Bahausa ce." Hausar tasa ba ta wuce haka da yawa ba, amma na ga kafaɗun Inna sun sauka.

Ya daɗe yana duba ta. Ya juya ƙafar ciki da waje, ya ɗaga ta a miƙe, ya taɓa bugun jini a bayan gwiwa da kan ƙafa. Ya buga gwiwar hagu da 'yar guduma ta zabura, ya buga ta dama ba ta ko motsa ba. Ya auna cinyoyin biyu da awon tela. Da ya ga tabon ƙusa sai ya ɗaure fuska. Ya tura mu hoton ƙashi da gwajin jini, muka dawo washegari.

"Hajja," ya ce, ni ina cike mata inda Larabcin ya yi nauyi, "mai sukari idan cinya da kwatangwalo suka dame shi, ba abu ɗaya muke zargi ba. Wani gaɓar kwatangwalon ce ta cinye, sai ya ji zafi a matsematsi idan ya taka. Naki hoton lafiya lau. Wani jijiya ce ta matse a gadon baya, zafin ya bi bayan ƙafa. Wani hanyoyin jini ne suka tsuke, idan ya yi tafiya cinya ta ƙulle, idan ya tsaya ta saki. Ke jininki na gudu. Akwai ma wanda ƙurji ne a cikin tsoka, da kumburi da zazzaɓi."

"To ni mi ya same ni, ɗana?"

"Sukarin ne ya taɓa jijiyoyin da ke fitowa daga ƙugu suna ba cinya ƙarfi. Shi ya sa zafi ya fara zuwa, sannan rama, sannan gwiwa ta daina riƙe ki."

"Yanke ta za a yi?"

"A'a. Yawanci yakan lafa. Zafin zai riga tafiya, ƙarfin ya biyo baya a hankali. Shekara, ko fiye. Ba zan ce miki zai dawo duka ba."

Ya mayar da ita kan allurar insulin, ya rubuta maganin zafin jijiya, ya nuna mana motsa ƙafar da za ta riƙa yi. Sannan ya nuna tabon ya ce kada wuta ta sake kusantar jikinta, don fatar mai sukari ba ta yafiya. Har mun miƙe ta juyo ta tambaye shi, "Wato ba wani ya yi mini ba?"

"Ba kowa, Hajja."

A mota ta rufe ido har muka wuce Sinnar. Na ɗauka barci take. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Najwa, wata huɗu ina kwance ina lissafa wa zai yi mini wanga abu. Ban so ba, Allah ya gani. Amma ko ba komai na zaci akwai wanda ke tunanina."



Da muka dawo ta sa aka ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinta zuwa bishiyar darbejiya, daga nan zuwa bayan gida. Ta koyi yi wa kanta allura a ciki, tana ajiye kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma ƙarƙashin randa saboda zafi. Kullum da safe takan zauna a bakin gado ta miƙe ƙafar ta sauke, ta miƙe ta sauke, ba mai ƙirga mata, ba mai cewa madalla. Bayan wata uku zafin ya ragu har tana barci. Bayan wata takwas ta saki igiyar ta kama sanda. Ranar da ta fara tashi daga kujera ba tare da ta riƙe komai ba, babu kowa a gidan. Sai da yamma ta gaya mini, ta ce ta sake zama ta sake tashi don ta tabbatar ba mafarki ba ne.

Sallar tata dai a kujera ta ci gaba da yi, kuma zaman ƙasa gaban wuta ya ƙare mata. Ta ba wata ƙanwar mijinta dokar.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a 2023, Mujahid ya iso da matarsa Ramla da 'ya'ya huɗu a bayan motar kaya. Gidan ya cika a yini ɗaya. Na yi murna, na ce Inna ta sami mutane. Ramla mace ce mai kirki, ta karɓe girki da shara da wanki, ko buta Inna ta ɗauka sai a ce, "Zauna, Hajja, ƙafarki." Jikokin suna kiran ta habboba, wato kaka, suna sumbatar hannunta da safe, amma ba wanda ya iya Hausa a cikinsu. Larabcin Inna na kasuwa ne, nasu na birni ne mai gudu. Takan zauna a gefen rumfa suna hira suna dariya, ta yi dariya ita ma idan ta ga an yi.

Wata biyar suka yi, sannan Mujahid ya yanke shawarar tafiya Masar. Ya roƙe ta ta bi su. Ta ce ƙafar da ba ta kai ta bakin kogi ba, ba za ta kai ta wata ƙasa ba, kuma ba ta son ta zama kayan da za a riƙa saukewa ana ɗorawa a hanya. Ya yi kuka, ita ba ta yi ba. Ta raka su har ƙofa da sandarta, ta tsaya har motar ta sha kwana.

Bayan tafiyarsu da kamar mako biyu na shiga da la'asar na same ta tana tsince wake a faranti. Tun daga zaure nake jin murya, na zaci baƙuwa ta yi. Ita kaɗai ce.

"Da wa kike magana, Inna?"

"Da kaina. Bakina ya fara yin tsami." Ta ture wata tsakuwa gefe. "Ana ji daga wajenku?"

"Wani lokaci."

"To in kin ji, ki riƙa amsawa mana, ɗiyata. Ko 'na'am' ne."

Na ce to. Na jawo tabarma na zauna, ta turo mini rabin waken.