Gilashin da Surukina Ya Ɗaura Mini

Har yau idan na ga babur da dogon gilashi a gaba sai raina ya ɓaci, ko da ban san mai shi ba. Jikokina su yi ta dariya, wai me gilashi ya tsare mini. Ba su san wuyar da na sha ba.

A ƙarshe-ƙarshen mulkin Turawa ina aikin allurar shanu a ƙarƙashin En'e, ina zaune a Kankiya. Ina da ɗan babur irin mai ƙananan ƙafafu, wanda ake zama a kai kamar kan kujera. A kansa akwai ɗan gilashin roba, bai fi faifai ba, iyakarsa ƙirjina. Shi ya tare mini iska, ni kuma in kalli hanya ta samansa. Burji, rairayi, burtali, babu inda ba mu shiga ba, lafiya lau.

Sai matata ta tafi goyon ciki gidansu a Kusada, na zama ɗan hanya duk ranar da ba aiki. Wata rana a farkon damina na ratsa cikin ƙwarin nan masu fiffike da ke tashi bayan ruwa, na isa da su a gemu da hula. Surukina, dattijo mai fatauci zuwa Kano, ya ƙare mini kallo ina tsugune ina gaishe shi.

Da ya dawo daga Kano na je gaishe shi, ya sa aka fito da tsarabata, gilashi ne tsayinsa kamar ƙyauren ɗaki. Kafin in gama gaisuwar cikin gida, maƙeri ya cire nawa ya ɗaure wannan da ƙarfe a kan babur ɗin.

"Malam," in ji surukina, don ba ya kama sunana, "wanga shi ne daidai da mutum kamarka. Wancan ai na yara ne."

Na sunkuyar da kai na ce, "Na gode, Baba, Allah shi ƙara girma."

Tun a hanyar komawa na san na shiga uku. Gilashin a jikin kan babur yake, duk iskar da ta buge shi hannuna take murɗawa. In ta zo ta gaba, babur ya yi ta nishi kamar jaki da mangala. In ta zo ta gefe, ina so in yi gabas shi ya yi kudu. A rairayi nauyinsa ya sa ƙafar gaba rawa. A kan titin Kano kuwa, duk motar kaya da ta wuce sai iskarta ta tura ni bakin kwalbati, sannan ta janyo ni tsakiya. Idan yayyafi ya sauka ba na ganin komai, don abin ya wuce kaina, sai in leƙa ta gefe kamar mai leƙen maƙwabta. Makiyaya suna hango ni daga nesa su ce ga mai taga nan tafe.

Cirewa kuma ba dama. Kyautar suruki ba a mayar da ita, ba a ajiye ta a gida, kuma duk Kusada an ga ranar da aka ɗaura. Na roƙi matata ta yi masa magana. Ta riƙe haɓa.

"Ni in ce ma Baba kyautarshi ba ta yi ba? Da wane bakin? Ka dai riƙa tahiya sannu."

Sannu! Ita tana kan tabarma tana shan kunu, ni ina kokawa da iska. Tsoron da nake ji na gaske ne, kada wata mota ta yi sanadina ban ga abin da za a haifa mini ba. Amma kunya ta fi tsoron ƙarfi, sai na ci gaba da hawa ina ƙunƙuni ni kaɗai.

Ranan ina zuwa Kusada na tarar an aiko wa surukina amininsa ya rasu a Dudunni, ana jiransa jana'iza, dokinsa kuma yana ɗingishi. Ba yadda muka iya, ya hau bayana. Don kunya ya ƙi riƙe ni, ya dafe rawaninsa da hannu ɗaya, ɗayan ya kama bakin kujera. Ga hadari ya haɗo daga gabas.

Mun yi nisa cikin gonakin gero iskar hadarin ta iso. Na ji kan babur ya kuɓuce mini kamar an fizge. Na ce, "Baba, riƙe!" Bai riƙe ba. Muka bar hanya, muka haye kunya, muka zube. Salansar babur ta ƙone ni a ƙwauri. Shi kuwa yana can zaune cikin taɓo, rawani ya warware, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Gilashin ko tsagewa bai yi ba, don baƙin hali.

Na rarrafa na ce, "Sannu, Baba. Ba ka ji ciwo ba?"

Ya kalli gilashin, sannan ya ce, "Iska ce, Malam. Mu tahi, ana jira."

Da ƙafa muka ƙarasa, ina tura babur, shi yana naɗa rawani. Aka yi jana'iza da mu da taɓonmu. Daga ranar bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka, gilashin kuma yana nan daram.

Allah ya sauki matata lafiya. Ranar suna, zaure cike da dattawa, surukina ya yi gyaran murya.

"Malam, roƙo nike. Zauren ga duhu gare shi, ba ni ganin karatu. Da ka taimaka mani da gilashin ga na yi taga."

Na kusa yin kuka. Na ce, "Haba Baba, ai da ni da shi duk naka ne." Da na nemi ƙaramin nawa aka ce maƙeri ya yayyanka shi tuni. Na koma Kankiya ba gilashi ko ɗaya, ƙwari na shiga mini baki ina hamdala.

Aka fasa bango aka kafa shi. Har surukina ya bar duniya, duk baƙon da ya shiga zauren sai ya nuna masa tagar ya ce, "Kun gani? Surukina ya ba ni. Daga kan babur ɗinshi ya cire, yana so ya haƙura." Ni kuma ina tsugune a ƙarƙashinta, tabon ƙwaurina na ƙaiƙayi, in ce, "Ba komai, Baba."