Tsakanin Babban Yatsa da Manuniya

Maigidana mutum ne da in ya koyi abu, sai kowa ya ji a jikinsa. Shekarar da muke zaune a unguwar Taman Melati, can ƙasar 'yan Malay, shi yana fama da digirinsa na uku ni ina fama da shi, abin da ya koyo shi ne danna hannu.

Maƙwabciyarmu ce ta koya masa, wata tsohuwa 'yar Sin da muke kira Anti, wadda ta tashi a shagon maganin gargajiya na mahaifinta. Wata rana ta gan shi a bakin lif ya dafe kai, sai ta nuna masa a nata hannun: tsokar nan da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, a matse ta ana murzawa har sai an ji tsami ya ratsa. A cewarta ciwon kai yakan sauka. Ya gwada, ya ce ya ji sauƙi, shi ke nan muka shiga uku. Duk ɗalibin da ya yi gangancin cewa kansa na sarawa a mamak, shagon da suke shan shayi, sai dai ya ji an cafke masa hannu. Har mai jan su salla bai tsira ba.

Ni kuwa a lokacin ina da abin da nake ɓoyewa. Ciki ne, ƙarami. A gidanmu ba a faɗin ciki, shi yake faɗin kansa, amma ba kunya kaɗai ta rufe mini baki ba. Na yi ɓari a Kano kafin mu taho, kuma na ga yadda mutumin nan mai surutu ya yi ɗif, ko abinci sai na roƙe shi. Ban so in sake ganin haka. Na ce wannan karon sai ya yi ƙwari zan faɗa, in ma ba mai zama ba ne, ya tafi ni kaɗai na sani.

Sai ciwon kai ya sa ni gaba. Ko farasitamol na ƙi sha don tsoro. Maigida, likitan gida, ya yi ta zagaye ni yana murza yatsu, ni kuma na ce wallahi ba zai taɓa ni da hannun nan nasa mai kama da filaya ba. Ranar wata Asabar da hantsi ya gaji, ya ce tunda na raina almajiri bari ya kira malama.

Anti ta cire silifas a bakin ƙofa, ta zauna kusa da ni, ta ɗauki hannuna ta ɗora a cinyarta. Tafinta da sanyi, ga ƙamshin man zafi. Ta sa babban yatsanta a wurin amma ba ta danna ba. Ta dubi fuskata, ta yi tambaya da Turancinta mai gauraye da Malay, gatsau, kamar mai tambayar kuɗin albasa.

"Kina da ciki?"

Maigida ya yi dariya. "Babu fa, Anti. Ciwon kai ne kawai."

"Ba kai na tambaya ba," in ji ta. "Mai ciki ba a danna mata nan. Mu a wurinmu sai haihuwa ta zo ake taɓa shi, yana tayar da naƙuda. Kai namiji ne, shi ya sa ban gaya maka ba."

Na ji haushinta, na ji haushinsa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wace irin tambaya ce wannan a gaban miji, ƙofa a buɗe? In na ce a'a, za ta danna. In na ce e, abin da na yi makonni ina tattali ya fita daga hannuna. Sai kawai na zare hannuna a hankali na cusa shi cikin hijabi.

Anti ta gyaɗa kai, ta shafa mini kafaɗa, ta ce in sha ruwa da yawa in je asibiti a duba ni. Ta sa silifas ɗinta ta ja mana ƙofa.

Shi kuwa yana tsaye, ya fi minti kafin lissafin ya shiga. Sai na ga ya sulale ya zauna a ƙasa, yana kallon hannuwansa.

"Jiya kina barcin rana," ya ce, "na kama hannunki zan danna miki a sace. Na ga barcin ya yi miki daɗi, na fasa. Da na danna fa?"

Ban san ko danna hannu yana yin abin da Anti ta ce ba, har yau ban sani ba, kuma yarinyar ta zo lafiya a lokacinta. Abin da na sani shi ne tausayin da ya kama ni a ranar, ganin ƙaton mutum a ƙasa yana tsoron yatsunsa.

"Ki riƙa faɗa mini," ya ce. "Ko mai daɗi ko marar daɗi. Ni ma nawa ne."

Na sauko daga kujera na zauna gabansa. Ya riga ya sani, Anti ma ta sani, amma yana jira ya ji daga bakina. Na sunkuyar da kai, na ce, "Ina da ciki. Kuma tsoro nake ji."