Ɗan'inna da Narkakken Cuku

A garin su Ɗan'inna, can Nijar, cuku shanya shi ake yi, sai ya bushe ƙayau a gutsura da shayi. Shi ya sa ranar da ya kama aiki a wani gidan abinci a Madina, ya ga cuku ya narke a tukunya, sai ya ɗauka lalacewa ya yi, ya kwashe ya kai rana. Maigidan ya yi faɗa har ya gaji, sannan ya koya masa.

Yau gemun Ɗan'inna ya yi fari, har daga garin Yanbu mai nisa ake zuwa dangwalar narkakken cukunsa da burodi. Yakan tsaya da ludayi yana kallonsu, yana jinjina kai. Shi kuwa busasshen gida yake ci, daga aljihu.