Katin Gayyatar Mutum Ɗaya

Sana'ata zane a kwamfuta: katin aure, katin suna, kalandar walima, fostar da ake mannawa a bayan Keke. Na fara ne a shagon Baba, cikin wani lungu a Ƙofar Dumi inda in babur biyu suka haɗu dole ɗaya ya ja da baya. Baba abokin mahaifina ne, amma duk wanda ya taɓa shaƙar warin tawada a shagon nan Baba yake ce masa. Ni kuwa Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Bai iya kwamfuta ba, bai kuma taɓa nuna yana so ya iya ba. Abin da yake da shi wani tsohon inji ne mai zafi da haruffan dalma da yake jerawa da hannu, ya danna ruwan zinare a kan kati, rubutu ya fito da tudu har ka shafa da yatsa ka ji shi.

Da na buɗe nawa shagon a Wunti, nasa ya riga ya fara yin sanyi. Mutane sun koma tura hoton kati ta waya. Wata rana na kai masa masa da zafinta, yana ci yake gaya mini cewa bayan Babbar Sallah zai rufe shago ya koma gonarsa ta Inkil.

"Masara ba ta dawo maka da aiki ta ce a canza mata kala," in ji shi, ya yi dariya.

Ni ban yi dariya ba. Raina ya ɓaci sosai, don na san mutumin nan ko kwana uku ya yi bai ji ƙarar injinsa ba sai ya kwanta ciwo.

A lokacin na riga na buɗe mana wani wurin hira a intanet, mu masu zane da ɗab'i. Zaure muke ce masa. A ciki akwai ɗakin neman aiki, da ɗakin farashin takarda, da ɗakin gulmar kwastomomi, wanda ba sai na faɗa muku wanne ya fi cika ba. Ba a shiga sai da gayyata ta imel. Da na gaji da tura wa mutane ɗaya bayan ɗaya, sai na haɗa wani ɗan shafi mai kyau: ka rubuta imel ɗinka, ka danna wani koren maɓalli da na rubuta wa "Nemi gayyata", nan take gayyata ta faɗo wayarka ka shige. Kai, na ji kaina ya yi girma da wannan dabara!

Matasa suka yi ta tururuwa. Daga Yalwa, daga Azare, daga Gombe da Jos, har wani ɗan unguwarmu da ke karatu a ƙasar waje. Kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina, kusan kullum sai wani ya rubuta: "Wa ke da injin zinare? Amarya na son 'yan katunan gaske na kai wa manya." To a Zaure wanda ya riga amsawa shi ke ɗaukar aiki. Kafin in kira Baba, kafin ya lalubo wayar daga aljihun 'yar shara, kafin mu gama gaisuwa, wani a Jos ya wawushe. Na ga ba makawa sai ya shiga da kansa.

Na je na buɗe masa shafin a wayarsa, babbar waya ce da 'yarsa ta saya masa, imel ɗin ma ni na buɗe masa tun tuni. Ya sa tabarau, ya karanta daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan koren maɓallin nan ya daɗe. Sannan ya miƙo mini wayar.

"Madalla. Allah ya sa albarka, Hajiya."

Hajiya! Ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Tun ina goge masa haruffa da kananzir bai taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata. Na fito ina ta tufka da warwara, me na yi wa tsohon nan?

Wadda ta warware mini ita ce Madam, wata 'yar kudu mai sayar da takarda da tawada a sari a Kasuwar Muda Lawal. Ta fi shekaruna a Bauchi, Hausarta ta kai ko'ina, sai dai a bakinta kowa namiji ne. Tana cikin na farkon da suka shiga Zaure. Na je sayen takarda na kai mata ƙara, ta saurara tana ƙirga ɗaurin takardu da ido, sannan ta ce, "Duba Zauren naka da kyau. Akwai mai furfura ko ɗaya?"

Na duba. Babu.

"Kai Bahaushe ne, ni zan koya maka? A garinmu in ka ji kiɗa ka shiga, shinkafa ya isa kowa. Ku nan tsoho zai tsaya a ƙofar gidan biki yunwa ya kashe shi in ba a ce masa bismilla ba. Kai kuma ka rubuta masa wai ya nemi gayyata. Mutumin da duk rayuwarsa shi yake buga wa mutane gayyata!"

Wallahi sai da na dafa buhun takarda. Gayyar soɗi ke nan na roƙi Baba ya yi, wato ya kai kansa inda ba a kira shi ba, kuma da yatsansa.

Amma ni ma ina da taurin kaina, a shagonsa na koya. Na koma na ce, "Haba Baba, wannan fa ba biki ba ne, tsarin abin ke nan. Kawo wayar ni in danna maka."

"Wanda ya aika a roƙo masa, shi ma ya yi roƙo, Hajiya."

Na koma shago na tura masa gayyata kai tsaye, ba tare da ya nema ba. Na kira shi ina murna na ce ya duba wayarsa.

"Na gani. Wa ya aiko?"

"Ni ce mana!"

"Na duba ban ga hannunki ba. Inji ne ya gayyace ni. Ki gaishe shi."

Na kashe wayar na yi ta masifa ni kaɗai, har mai gyaran agogo na kusa da ni ya leƙo ya ga ko kwastoma ne ya gudu da aiki. Ga Sallah tana matsowa, raguna sun fara cika bakin titi, ga tsoho yana shirin kulle shago saboda kalma biyu a kan maɓalli. Sai da na huce na tuna abin da kowa ya sani, zuwa da kai ya fi aike. Na ce a raina, to Baba, tunda wasan naka ke nan, mu buga.

Washegari na shiga shagonsa na zauna a bencin kwastomomi, ba a kujerar da na saba ba. Na ce ina son a buga mini katin gayyata.

Ya dube ni ta saman tabarau, ya jawo takarda da biro. "Guda nawa?"

"Ɗaya."

Ko gira bai ɗaga ba. "Wane irin taro?"

"Shiga zaure."

"Rana?"

"Baba, ai ba shi da rana. Kullum a buɗe yake."

"Abin da yake buɗe kullum kasuwa ce, ba taro ba. Rana?"

Na haɗiye abin da ya taso mini na ce Asabar. Lokaci, bayan la'asar. Wuri, shagona a Wunti. Ya rubuta duka a tsanake, ya tashi ya fara jawo takardu yana murza su tsakanin yatsu.

"Baƙon naki babban mutum ne?"

"Babba ne ƙwarai. Ga shi da saurin fushi."

"To a ƙara zinare."

Ina zaune ya kunna injin, ya jera haruffa, ya gwada a kan guntun takarda, bai yi masa ba ya sake. Warin zafin nan ya cika shagon, na ji kamar in yi kuka don na san kwana nawa injin ya yi a kashe. Da ya gama ya miƙo mini katin da ambulan, da layin da ake bari a rubuta sunan baƙo. Na ari bironsa, na juya masa baya na rubuta. Na yi masa sai an jima na fita.

Bakin lungu kawai na je. Na sayi goro da alawa aka ƙulla mini a leda, na dawo na tsaya a ƙofa na yi sallama kamar wadda ta shekara ba ta zo ba. Ya amsa. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe shi, na tambayi iyali da jikin matarsa Inna, sannan na ajiye ledar na miƙa masa ambulan da hannu biyu.

Ya buɗe a hankali. Ya karanta kowane layi kamar bai taɓa ganinsa ba. Ya shafa zinaren da yatsa, ya ɗaga katin ya kalli haske.

"Wannan aiki ya yi kyau. Wa ya buga miki?"

"Wani tsoho ne a Ƙofar Dumi. Wai rufewa zai yi."

"Allah sarki," in ji shi, ya ɓare goro. "To, Allah ya kai mu Asabar ɗin."

Kafin Asabar na goge rubutun maɓallin nan na mayar da shi "Amsa gayyata". Na kuma sanar a Zaure cewa muna da babban baƙo, kowa ya kasance kusa da wayarsa, kuma don Allah a share ɗakin gulma.

Ana idar da la'asar Keke ya tsaya a ƙofar shagona. Baba ya fito cikin babbar riga fara ƙal, hula ta sha kari, turare ya riga shi shigowa. Bayansa tsofaffi biyu, abokansa, ɗaya mai sassaƙa hatimi, ɗaya mai ɗinkin littafi, su ma sun sha ado kamar za su ɗaurin aure. Ni kuma kujera ɗaya na tanada da lemo ɗaya.

Na matsa kusa na rage murya. "Baba, waɗannan fa? Kati ɗaya na bayar. Ko gayyar soɗi suka yi?"

"A'uzubillahi! 'Yan rakiya ne. Kin taɓa ganin babban baƙo ya zo shi kaɗai?"

Aka aro benci wurin mai agogo. Baba ya zauna, ya gyara hannun riga, ya fito da katin ya ajiye a kan tebur don kowa ya shaida, sannan ya karɓi wayar. Ya yi bismilla ya danna maɓallin da ƙarfin da yake danna injinsa, har na ji tsoron gilashin. Gayyata ta faɗo, na nuna masa inda zai taɓa, ya shige.

Bai yarda ya rubuta komai ba, wai ba a sallama da yatsa. Na danna masa wurin ɗaukar murya. Ya yi sallama, ya gai da manya da ƙanana, ya tambayi gajiya da iyali da ruwan sama a garin kowa, ya yi wa sana'a addu'a. Kafin ya sauke wayar amsoshi sun fara zubowa kamar an ɓalle famfo. Yara da suka taɓa wucewa ta hannunsa, waɗanda ko ni ban san suna ciki ba, suka yi ta "Baba, ni ne wane!" Muryar Madam ta fito daga Muda Lawal da hayaniyar kasuwa a bayanta: "Baba, ka zo lafiya? Yarinyar nan ya wahalar da kai, ka yi haƙuri." Tsoho ya cire tabarau ya goge, ya ce turaren ne ya shiga masa ido. 'Yan rakiya ma, tunda sun riga sun shigo a inuwarsa, aka buɗe musu imel suka amsa tasu gayyatar.

Ana cikin haka wani yaron Gombe ya rubuta cewa yana da katunan zinare na gaggawa, ko Baba zai karɓa? Na kusa tsalle. Na ce, "Baba, amsa! Amsa kafin na Jos ya gani!"

"Baƙo ba ya ciniki ranar da ya sauka."

Na rantse da ba don idon mutane ba da na ƙwace wayar. Amma ba wanda ya taɓa aikin nan, har na Jos ɗin ya rubuta cewa na Baba ne. Da safe ya amsa da bakinsa.

Daga nan abin ya fi ƙarfina. Ya sa na zana masa ɗan tambarin nan mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa da waya shafi ya buɗe, ya buga shi a bayan katuna masu zinare, ya riƙa hawa babur yana kai wa tsofaffin sana'a hannu da hannu, kowa da goronsa. Zaure ya cika da furfura. Gaisuwar safe kaɗai takan kai hantsi, sai da na buɗe mata ɗaki na musamman, suka ƙi shiga, wai ba a ware gaisuwa daga mutane.

Duk da haka bai ce komai ba game da Inkil, ni kuma tsoro ya hana ni tambaya. Sallah ta zo ta wuce. Da aka koma aiki na ɗauki soyayyen nama a kwano na nufi Ƙofar Dumi. Na tarar da ƙofa a buɗe, inji da zafi, wayar tana jingine da gwangwanin tawada tana ta ƙara.

Na gaishe shi na ajiye kwanon. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Baba, maganar gona fa? Ka ce bayan Sallah."

Bai ɗago ba, yana jera haruffa.

"Ke kika gayyace ni taron nan ko?"

"Ni ce."

"Kin sallame ni?"

"A'a, Baba."

"To ina za ni, Uwata? Miƙo mini takardar can."