Idanun Shanu Huɗu Zuwa Akra

Ranar wata Talata ce cikin watan Maris na 1970, ƙarfe biyar da rabi na asuba. Mu uku ne a mahautar Kumasi: ni, da ƙanena Isaka, da Baba Garba mahauci, aminin mahaifinmu a Zango. Isaka ya kammala karatu kan yadda ido da ƙwaƙwalwa suke haɗuwa su ba mutum gani, kuma wata jami'a a Akra ta kira shi gwajin koyarwa da ƙarfe biyu na ranar. Gurbi ɗaya ne, masu nema uku, an kuma ce kowa ya nuna abin da za a gani da ido, ba baki kawai ba. Na ɗauki hutun kwana biyu a gidan rediyon da nake aiki don in raka shi.

Baba Garba ya ciro idanun shanu huɗu, sabon yanka, ya jera su cikin fulas mai faɗin baki da muka cika da ƙanƙara.

"Shekara talatin ina fawa, ba a taɓa roƙona in cire ido kada in fasa ba," in ji shi. "Miya za a yi wa malaman?"

"Karatu za a yi, Baba," in ji Isaka.

"To, Allah ya sa su ƙoshi."

Kumasi zuwa Nkawkaw

Lorinmu ta bar tasha ƙarfe shida da minti goma. Muka wuce Konongo bakwai da kwata, muka isa Nkawkaw tara saura kwata, wajen mil sittin da shida ke nan. Isaka bai sauke fulas daga cinyarsa ba. Muka karya da koko da ƙosai na fesuwa goma, ya ƙaro ƙanƙara wurin wata mai sayar da kifi.

Shingen bayan Anyinam

Ƙarfe goma daidai 'yan sanda suka tsayar da mu. A watannin nan ana yawan duba takardun mutanen Zango, namu kuwa cikakku ne. Sai sajan, wani dogon mutumin arewacin ƙasar mai tsage a kumatu da tsintacciyar Hausa, ya ɗaga murfin fulas. Idanu huɗu suka dube shi. Ya ja da baya taku biyu.

"Kai! Wannan ido na wane? Tsafi ka kai Akra?"

Isaka ya ce, "Na shanu ne, ranka ya daɗe. Aikin jami'a ne."

"Jami'a tana cin ido? Sauka. Lori ba ya tafi."

Fasinjoji suka fara gunaguni, direba ya dafe kai yana cewa, "Malam, ka kashe ni yau." Na duba agogo, ga shi saura mil kusan tamanin.

Isaka ya ce, "Yaya, ba ni babbar rigarka." Ya zauna a gefen titi, ya ɗauki reza, ya shiga fere farin bayan ido. Garin sauri, na farko ya fashe. Saura uku. Ya yi bisimilla, ya ɗauki na biyu, ya yi ta fere shi a hankali har bayan ya zama kamar takarda mai maiƙo. Ya juya gaban idon wajen lori, ya lulluɓe kansa da na sajan da rigata.

Sai muka ji murya daga cikin riga: "La'ilaha illallahu! Lori ya kife! Taya yana sama!"

Ya fito ya dubi lori, tana tsaye lafiya. Ya koma cikin riga. Ya sake fitowa.

"Haka yake a idon kowa," in ji Isaka. "Hoton duniya a kife yake faɗawa a bayan ido, har naka."

"To wane ne yana miƙe mini shi?"

"Amsar da nake nema ke nan, ranka ya daɗe. A ƙwaƙwalwa take. In na makara, wani za a ba aikin neman."

Sajan ya rufe fulas da hannunsa, ya daka wa direba tsawa don me yake ɓata wa malami lokaci. Muka tashi sha ɗaya saura minti ashirin.

Akra

A Nsawam ko burodi direba bai bari an saya ba. Muka sauka Akra ɗaya da minti ashirin, tasi ta kai mu jami'a biyu saura minti goma. Ƙanƙara ta zama ruwa, amma idanu biyu suna nan garau, daidai abin da darasin yake bukata: ɗaya a yanka, ɗaya a leƙa.

Ina zaune a kujerar baya. Isaka ya ajiye takardun da ya kwana bakwai yana shiryawa, ya buɗe da tambayar sajan, kalma da kalma. Na ga wani farfesa mai furfura ya cire tabarau, ya sa kansa cikin rigata, ya daɗe bai fito ba.

Muka kwana a unguwar Nima wurin gwaggonmu, ta yi mana tuwon masara da miyar ayoyo, ta hana a shigar mata da fulas ɗaki.

Komawa

Laraba muka taso ƙarfe bakwai. A shingen, sajan ya leƙo ta taga: "Malam, an samu mai miƙewa?" Isaka ya ce da saura. Muka shiga Zango ana kiran azahar, muka gode wa Allah, muka wuce yi wa Baba Garba godiya.

Bayan mako uku wasiƙar ɗaukar Isaka aiki ta iso. Daga watan Oktoba, kowace Litinin Baba Garba yakan ba direban nan fulas ya kai jami'a, kuma ba a sake buɗe shi a shingen Anyinam ba.