Sitika Ɗaya a Kan Tebur

Ni ba soja ba ne. Gyaran waya nake yi a Pantami, karatuna a firamare ya tsaya. Shekarun da bom ke tashi a tashoshin mota, kasuwa ta mutu, sai wani ɗan kwangila ya kai ni wani siton sojoji in riƙa kula da sikana huɗu da firinta ɗaya. Sikana kamar ƙaramar bindiga take. Ka haska ta kan sitikar kwali mai layi-layi baƙi da fari, ta ce ƙit, kwamfuta ta rubuta abin da ke ciki. Nawa in goge gilashi, in canja batir, in liƙe waya in ta tsinke.

Sitikar nan ba ta son zafi. Ta sha rana kwana biyu, sai ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Na gaya wa Sajan mai kula da siton a daina jibge kwalaye a fili.

"Injiniya," ya ce, haka yake kirana don tsiya, "goge gilashi aka kawo ka, ko ranar ma kai za ka gyara?"

Wata Laraba aka zo lodin bandeji da ledojin ƙarin ruwa, za a kai wa sojojin da ke daji. Sikana ta ƙi kuka, don sitikar kwalayen ta yi baƙi. Sajan ya ce ta lalace. Na haska kan wata lafiyayyar sitika ta kwalin bandeji, ta ce ƙit.

"Oga, ƙalau take. A buɗe kwalayen a gani, in bugo sababbin sitika."

"Ayari ba ya jiran mai gyaran waya."

Ya sa reza ya yanko lafiyayyar, ya manna a kan tebur. Duk kwalin da aka ɗaga, sai ya haska tebur. Ƙit. Ƙit. Kwamfuta ta ce duka bandeji ne. Ina tsaye ina kallo. Na ja bakina, don 'ya'ya biyar gare ni a Kagarawal, katina na shiga ƙofa kuma da yardarsa nake rataye da shi.

Bayan kwana uku aka bugo waya daga dajin. Yawancin kwalayen safa ce a ciki. Safa, ga mutane kwance da harbi. Yadda suka ƙare ban sani ba, ban kuma iya tambaya ba.

Kafin wani babban hafsa ya zo bincike, an kankare tebur tas. Sajan ya ce sikana ce ke karanta ƙarya, a tambayi mai kula da ita. Na ce na'ura abin da aka nuna mata take faɗa, na kwashe labarin teburin na faɗa.

"Kana wurin?" in ji hafsan.

"Ina wurin, ranka ya daɗe."

"Wa ka gaya wa?"

Babu wanda na gaya wa. A bakin ƙofa aka cire mini katin daga wuya, katin da na yi shirun dominsa. Sajan yana nan kan kujerarsa.

Na koma teburina na gyaran waya a Pantami. Har yau ko a kantin magani na ji ƙit, sai na ce a buɗe kwalin in gani. Suna cewa Baban nan ya cika fitina.